Darasi: Yadda Ake Ciyar da Kwiyakwiyan Ƙananan Karnuka

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowane ɗan ƙungiya ya san abu uku: irin abincin da ya dace da kwikwiyon ƙaramin kare, yawan da za a ba shi, da lokutan da za a ba shi. Shugaba ya karanta darasin a hankali a gaban taro, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma, mun saba da karen gida wanda yake gadin rumbu da garke, yana raka mu gona, yana cin abin da ya ragu a tukunya. Amma yanzu akwai wani irin kare da mutanen birni suke nema, watau ƙananan karnuka masu gashi waɗanda ake ajiye su cikin ɗaki. A Jos da Kaduna da Abuja ana sayen kwiyakwiyansu da tsada. Saboda haka waɗansu manoma sun fara kiwonsu domin ƙarin kuɗin shiga, kamar yadda ake kiwon zomaye ko kajin turawa.

Wani manomi ya sayar da buhunan masara ya sayo kwikwiya ɗaya 'yar mako bakwai, da niyyar in ta girma ta haifa masa na sayarwa. Lokacin damina ne. Da asuba ya zuba mata ɗumamen tuwo da miya, shi da iyalinsa duka suka tafi gona. Ba su komo ba sai da yamma. A rana ta uku suka iske ta kwance, jikinta ya yi sanyi, tana makyarkyata. Kafin gari ya waye ta mutu. Maƙwabta suka ce sammu ne, waɗansu suka ce wanda ya sayar masa ya cuce shi. Gaskiyar magana ita ce yunwa ta kashe ta, ko da yake kullum da safe ana ba ta abinci. Wannan darasi zai nuna mana yadda hakan yake faruwa.

1. Waɗanne ne ƙananan karnuka?

Ƙaramin kare shi ne wanda ko ya gama girma ba ya wuce kilo 10. Ga waɗansu daga cikinsu:

Ciwawa: sunan wata jiha ce a ƙasar Meziko. Shi ne mafi ƙanƙanta, ba ya cika wuce kilo 3 ba.

Fomeraniyan: asalinsa wani yanki ne tsakanin Jamus da Folan. Nauyinsa kilo 2 zuwa 3 da rabi.

Lasa Afso: daga Tibet ya fito, yana da dogon gashi. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Ana samunsa da yawa a biranen Nijeriya.

Karen gida namu kuwa yakan kai kilo 15 ko fiye. To, kada mu ɗauka abin da ya isa wannan ya isa wancan.

2. Me ya sa ciyar da su ya bambanta?

Dalili na fari, ƙaramin jiki yana ƙona abinci da sauri. Ƙarfin da abinci yake bayarwa ana auna shi da kalori. Kare mai kilo 30, in yana kwance kawai, yana bukatar wajen kalori 30 a kan kowane kilo na jikinsa a yini. Kare mai kilo 3 kuwa yana bukatar fiye da kalori 50 a kan kowane kilo. Kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba yana bukatar ninki uku na wannan, gama girma yake yi.

Dalili na biyu, cikinsa ƙarami ne. Ba zai iya cin abincin yini guda a zama ɗaya ba. Ya yi kama da ƙaramar fitila wadda take shan mai da yawa amma tankinta ɗan kaɗan ne. Dole a riƙa ƙara mata mai a kai a kai, in ba haka ba ta mutu.

Dalili na uku, hantarsa ƙarama ce kuma ba shi da kitse. Hanta ita ce rumbun da jiki yake ajiye sukari. In kwikwiyo ya daɗe bai ci ba, rumbun ya ƙare, sukarin jininsa ya faɗi. Abin da ya kashe kwikwiyar manomin nan ke nan.

Dalili na huɗu, yana gama girma da wuri. Ƙaramin kare yakan kai cikakken girmansa a wata 9 zuwa 12, alhali manyan karnuka sukan ɗauki wata 18 zuwa 24. Lokacin gina ƙashi da tsoka gajere ne. In aka yi kuskure a watannin farko, gyara yana da wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Daga haihuwa zuwa yaye

Babu abincin da ya fi nonon uwa. Nonon farko, watau dakashi, yana ɗauke da kariya daga cututtuka. Hanjin kwikwiyo yana iya karɓar wannan kariya a ranar farko kaɗai. Saboda haka a tabbata kowane ɗaya ya kama nono cikin sa'o'in farko bayan haihuwa. In akwai wanda 'yan'uwansa suke turewa, a ɗora shi a kan nono da hannu.

A riƙa auna su kullum a kan ƙaramin sikeli, a rubuta. Lafiyayyen kwikwiyo yakan ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ya kwana biyu bai ƙaru ba, akwai damuwa.

Kada a manta da uwar. Karya mai shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci, da ruwa mai tsabta kullum a kusa da ita.

Madarar shanu ba daidai take da nonon karya ba. Nonon karya ya ninka ta wajen mai da abin gina jiki, watau furotin. Madarar shanu kuwa ta fi sukari, shi ya sa takan sa kwikwiyo zawo. In uwa ta mutu ko ta ƙi 'ya'yanta, a nemi madarar gwangwani da aka yi musamman domin kwiyakwiyai a shagon maganin dabbobi. Kafin a samu, ana iya tafasa madarar akuya ko ta shanu kofi ɗaya, a bar ta ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai biyu da ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa a ciki. A ba su da ɗumi kowace sa'a biyu zuwa uku a makon farko, dare da rana. Kwikwiyon ya kwanta a kan cikinsa yana sha. Kada a rigingine shi kamar jariri, gama madarar za ta shiga huhunsa. In jikinsa ya yi sanyi, a ɗumama shi tukuna kafin a ba shi. Bayan ya sha, a shafa ƙasan cikinsa da gindin wutsiyarsa da tsumma mai ɗumi domin ya yi fitsari da kashi, kamar yadda uwarsa take yi da harshe.

A mako na uku zuwa na huɗu haƙora sukan fara fitowa. A nan ake fara yaye. A jiƙa abinci da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu mai kauri, a zuba a faranti marar zurfi. Kowane mako a rage ruwan kaɗan. Zuwa mako shida ko takwas sun iya ci da kansu. Kada a sayar, kada kuma a sayi kwikwiyon da bai cika mako takwas ba.

4. Zaɓen abincin buhu

Abincin buhu shi ne busassun ƙwayoyi da kamfanoni suke yi. Mai kyau daga cikinsa yana ɗauke da dukan abin da kwikwiyo yake bukata. In za ka saya, ka duba waɗannan:

(a) A jikin buhun a rubuta cewa na kwiyakwiyai ne. Abincin manyan karnuka bai isa mai girma ba.

(b) Ƙwayoyin su zama ƙanana yadda ƙaramin baki zai iya taunawa.

(c) Ka duba lissafin abin da ke ciki. Wata ƙungiya a Amurka mai suna AAFCO, wadda take tsara ma'aunin abincin dabbobi, ta ce busasshen abincin kwikwiyo kada furotin ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari, mai kada ya gaza kashi 8.5, kalsiyam kada ya gaza kashi 1.2, fosforas kuwa kashi 1. Kalsiyam da fosforas su ne masu gina ƙashi.

(d) Nama ko kaza ko kifi ya zama a farkon jerin kayan da aka haɗa.

(e) Ka duba ranar lalacewa. Ka guji wanda ake aunawa da kwano daga buɗaɗɗen buhu a rana, gama ba ka san ranar da aka buɗe shi ba. Araha ba ta ado.

In ka kawo gida, ka rufe bakin buhun sosai, ka ajiye shi a kan katako a wuri mai sanyi marar laima, inda ɓera ba zai kai ba. In ya yi fumfuna ko ya canja wari, a zubar.

In za ka canja abinci, kada ka yi farat ɗaya. Kwana biyu na fari ka sa kashi ɗaya na sabo da kashi uku na tsoho. Kwana biyu na biye rabi da rabi. Sa'an nan kashi uku na sabo da ɗaya na tsoho. A rana ta bakwai sabo zalla. In ka sayo kwikwiyo, ka tambayi abin da ake ba shi, ka fara da wannan.

5. Haɗa abinci a gida

Ba kowa ne zai iya sayen na buhu kullum ba. Ana iya haɗawa da amfanin gonarmu, amma sai an kula. Tuwo zalla yana cika ciki, ba ya gina jiki. Nama zalla kuma yana lalata ƙashi, gama kalsiyam ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Kwikwiyon da aka reno da nama kaɗai ƙafafunsa sukan lanƙwashe, ƙashinsa ya riƙa karyewa da sauƙi.

Ga misalin abincin yini guda na kwikwiyo mai kilo ɗaya:

Dafaffiyar shinkafa, ko acca, ko tuwon masara mai laushi: giram 50, wajen babban cokali uku.
Dafaffen nama ko kaza ko kifi marar ƙaya, an daddatsa: giram 40.
Dafaffen ƙwai: rabi.
Dafaffiyar kabewa ko karas, an murƙushe: babban cokali ɗaya.
Man gyaɗa: rabin ƙaramin cokali.
Garin ƙashi mai laushi: rabin ƙaramin cokali.

A gauraya duka, a raba bisa ga yawan lokutan ci. Sau biyu a mako a ƙara 'yar dafaffiyar hanta kamar kan yatsa. Kada ta wuce haka, gama yawan hanta yana da illa.

Garin ƙashin nan shi ne irin wanda muke sa wa abincin kaji, amma ya zama mai tsabta, an tankaɗe shi. Ya fi garin ɓawon ƙwai, domin ɓawon ƙwai kalsiyam ne kawai, mai girma kuwa yana bukatar kalsiyam da fosforas tare. In kana ba da abincin buhu mai kyau, kada ka ƙara garin ƙashi, gama an riga an sa. Yawansa ma cuta ne.

Abincin gida yakan gaza wajen waɗansu bitamin da ma'adinai. Ka nuna wa likitan dabbobi yadda kake haɗawa domin ya gaya maka abin da za ka ƙara. Abin da aka dafa da safe kada ya kwana, sai in akwai firji.

6. Sau nawa, kuma nawa?

Mako 8 zuwa wata 3: sau huɗu a yini. Ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba, sau biyar.
Wata 3 zuwa wata 6: sau uku.
Wata 6 zuwa gaba: sau biyu.

Ga mai cin sau huɗu, a ba shi ƙarfe 6 na safe, 11 na hantsi, 4 na yamma, da 9 na dare. A riƙe lokutan nan kullum. A ajiye kwano minti 20, abin da ya rage a ɗauke, domin kada ƙuda su sauka ko ya yi tsami. A wanke kwanon bayan kowane ci. Ruwa kuwa kada ya yanke.

Ga kimanin yawan busasshen abincin buhu a yini guda:

Mai rabin kilo, ɗan wata 2: giram 30 zuwa 35.
Mai kilo 1, ƙasa da wata 4: giram 55.
Mai kilo 2, ƙasa da wata 4: giram 90.
Mai kilo 3, ɗan wata 5 ko 6: giram 85.
Mai kilo 5, ɗan wata 8: giram 120.

Za ku lura mai kilo 3 bai fi mai kilo 2 ci ba. Dalili shi ne bayan wata huɗu saurin girma yana raguwa. Wannan lissafi jagora ne kawai, gama abinci ya bambanta. A duba abin da aka rubuta a jikin buhu. A auna sau ɗaya a sikeli, a zuba a gwangwani, a yi alama, daga nan gwangwanin ya zama ma'auni.

In kwiyakwiyan suna da yawa, kowa da kwanonsa, in ba haka ba mai ƙarfi zai cinye na raunana. Kada a ciyar da su wuri ɗaya da karen gadi. A wata 10 zuwa 12 a koma abincin manya, a hankali kamar yadda muka faɗa.

Babbar tambaya ga manomi ita ce: wa zai ba da abincin hantsi ranar da kowa ya tafi gona, ko kasuwa, ko biki? In babu mai zama a gida, gara a dakata da sayen kwikwiyo sai bayan girbi.

7. Abin da ba a ba kwikwiyo

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe: suna fasa ƙwayoyin jini. Shi ya sa ragowar miya ba ta dace ba. Ga kuma barkono da yawan gishiri a cikinta.

Goro, shayi, kofi da cakulan: abin da ke cikinsu mai hana barci guba ne ga kare. Kada a bar goro a inda zai kai.

Inabi da zabibi: suna iya kashe ƙoda.

Cingam da alewa marasa sukari: waɗansu suna da abin zaƙi mai suna zailitol, wanda yake faɗar da sukarin jinin kare nan da nan.

Dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi: sukan tsage su soki maƙogwaro ko hanji.

Masara, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli masu fumfuna: suna da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Kare ba ya jure ta. Hatsin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba kwikwiyo.

Mushe da ɗanyen kayan ciki: in ka yanka tunkiya ka ga ƙulluttukan ruwa a hanta ko huhu, ka ƙone ko ka binne da zurfi. In kare ya ci, zai kamu da tsutsa, ƙwanta su fita cikin kashinsa su koma kan tumaki da mutane.

8. In sukarin jini ya faɗi

Alamunsa su ne kasala, tangaɗi, makyarkyata, dasashi ya yi fari, jiki ya yi sanyi, daga baya farfaɗiya da suma. Abin da yakan kawo shi: tsallake abinci, doguwar tafiya a mota, yawan wasa da yara, zawo, tsutsar ciki, da sanyi. A lokacin hunturu, musamman a wurare masu sanyi kamar Filato da Mambila, a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo cikin kwali.

In ka ga alamun nan kada ka jira. Ka laƙato zuma ko sukari da aka dama da ɗan ruwa, ka shafa masa a dasashi da yatsa. Kada ka ɗura masa ruwa in ba ya iya haɗiya. Ka naɗe shi da tsumma, ka rungume shi a jikinka ya ji ɗumi. In ya farfaɗo ka ba shi abinci kaɗan, sa'an nan ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Kowane mai kiwon ƙananan karnuka ya ajiye 'yar kwalbar zuma domin wannan.

9. Tsutsa da allura

Abinci mai kyau ba ya amfani in tsutsa ce take cinyewa. Kwiyakwiyai da yawa da tsutsa ake haihuwarsu, gama tana shiga tun suna cikin uwa. Alamarta ƙaton ciki, rama, da gashi marar sheƙi. A ba da maganin tsutsa a mako na 2, 4, 6 da 8, daga nan kowane wata har wata shida. Likita ne zai auna maganin bisa ga nauyi. Kada a gutsura na awaki ko na shanu a ba su da ka. Wannan tsutsa tana kama yara, saboda haka a kwashe kashin kare kullum, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Allurar rigakafi ta fari ana yinta a mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako uku ko huɗu har mako 16. Tana kare su daga cututtuka irin su fabo, mai kawo amai da zawon jini. Allurar ciwon haukan kare kuwa a wata uku. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin wannan allura. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya warkewa. Rigakafi ya fi magani.

10. Yaya za ka san kana yin daidai?

Ka shafa haƙarƙarinsa. In kana jin ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan nama, daidai ne. In suna bayyane ko suna sukar hannu, ka ƙara abinci. In sai ka danna kafin ka ji su, ka rage. Masu dogon gashi sukan ruɗi ido, sai an taɓa da hannu. Kashinsa ya zama a dunƙule, idonsa garau, yana wasa, nauyinsa yana ƙaruwa kowane mako. In ɗan ƙarami ya ƙi cin abinci sau biyu a jere, ko yana amai da zawo, a nemi likita ba tare da jinkiri ba.

Aikin ƙungiya

1. A sayi ƙaramin sikeli ɗaya na giram, a ajiye wurin magatakarda domin kowa ya yi amfani da shi.
2. Masu kiwo su haɗa kuɗi su sayi babban buhu a raba, kowa ya zuba nasa a mazubi mai murfi.
3. A gayyaci likitan dabbobi rana ɗaya ya yi wa dukan karnukan ƙauye allura, har da na gadi.
4. Kowane mai kiwo ya riƙe littafi: ranar haihuwa, nauyi, magani, allura, da kuɗin da ya kashe. Da haka zai san ko riba yake ci ko hasara.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya kashe kwikwiyar manomin da muka ji labarinsa? Da me ya kamata ya yi?
2. Me ya sa tuwo zalla ko nama zalla bai isa ba?
3. Cikin abubuwan da aka hana, waɗanne ne muka saba jefa wa karnukanmu?
4. A gidanka, wa zai ciyar da kwikwiyo da hantsi a lokacin damina?
5. Ku lissafta kuɗin abinci, magani da allura na kwikwiyo ɗaya har wata uku a farashin kasuwarku. Ku gwada da kuɗin kiwon akuya ɗaya. Wanne ya fi dacewa da ƙarfinku?